Tambayi Injiniya: In Sayar da Filin Gado In Shiga Kwangilar Mita Mai Wayo?

Wasiƙun wannan watan kusan duk a kan mita suke. Uku na ɗauka. Ta farkon ta cinye mini fili, don maganar filin gado ce a cikinta. Waɗanda ba su ga tasu ba su yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba Injiniya. Ina fatan kana lafiya, ya iyali, ya ƙoƙari? Ni mai aikin wayarin ne, ina da shago a Tudun Wada nan Kaduna, da yara huɗu masu koyon aiki a hannuna. Shekarata 12 a wannan sana'a. Na ga sanarwa a jarida cewa wani kamfanin rarraba wutar lantarki yana neman masu kawo kaya don gwajin wani abu da suka kira simat girid, a wasu unguwanni ƙalilan tukuna. Sun ambaci mitoci masu aika saƙo, da na'urorin sa ido kan taransifoma, da manhajar kwamfuta. Ina da aboki mai zuwa Chaina sari, ya ce zai samo mini mitocin da araha. Jari ne babu, amma akwai filin da na gada a Rigachikun, ina so in sayar in shiga. Mahaifiyata ta ce ba ta yarda ba. Don Allah mene ne wannan abu, kuma ƙaramin mutum irina zai iya samun kwangilar?

Mai wayarin, Tudun Wada, Kaduna

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka bi maganar Hajiya, ka bar filin nan inda yake. Ita ba ta karanta sanarwar ba amma ta fi ka fahimtarta. Akwai abin da za ka ci a wannan harka, sai dai ba ta ƙofar da kake ƙwanƙwasawa ba.

Bari in fara da abin da sunan yake nufi, don Turancin ya fi abin girma.

Wata damina, lokacin ina da ƙarfin hawa turke, layinmu mai ƙarfin bolt 33,000 ya faɗi da daddare bayan an yi ruwa da iska. Abin da muka sani a ofis kawai shi ne makunnin tasha ya buɗe. A ina matsalar take? Allahu a'alamu. Muka ɗauki tocila da takalmin ruwa da tsani, muka bi layin turke bayan turke, cikin gonakin masara, muna haska sama. Kwana biyu muna wannan yawo, garuruwa na cikin duhu, ana zaginmu a kowace majalisa. Da muka gano abin, tangaran ɗin nan ne da ke riƙe waya a saman turke ya tsage, tsagewar da ba ta kai faɗin farce ba. Gyaran bai ɗauke mu minti 40 ba. Kwana biyun nan duk na lalube ne.

To wannan laluben shi ake son kashewa. Layin wutar da muka gada makaho ne kuma kurma. Yana kai wuta gidanka, amma ba ya komawa ya faɗa wa ofis komai. Kamfani ba ya sanin an ɗauke wuta a Unguwar Sanusi sai mutanen Unguwar Sanusi sun yi waya ko sun zo da kansu. Ba ya sanin taransifoma na ɗauke da kayan da suka fi ƙarfinsa sai ranar da ya yi ƙara ya ƙone, unguwa ta shiga karo-karo. Layin wuta mai wayo, wato simat girid ɗin nan, in ka cire masa ado, shi ne a sa wa layin ido da kunne da baki. A liƙa wata 'yar na'ura a kan waya wadda za ta aika saƙo ta ce matsalar tana tsakanin turke kaza da turke kaza. A sa makunni mai mayar da kansa, wanda in reshen mangwaro ya taɓa waya ya saki, zai jira daƙiƙoƙi ya mayar da wuta ba sai an turo mota ba. A sa mita a jikin kowane taransifoma, a sa a gidajen da ke ƙarƙashinsa, kwamfuta ta riƙa haɗa lissafi: yunit dubu goma sun fita daga taransifoma, dubu bakwai ne suka isa mitocin gidaje, to ina dubu uku? Wannan lissafin na ƙarshe shi ne abin da ya fi jan hankalin kamfanoni, ko ba su rubuta a sanarwa ba.

Abin ba sabo ba ne a duniya. Kamfanin Enel na Italiya ya fara sa irin waɗannan mitoci tun 2001, cikin 'yan shekaru ya sa wa gidaje kusan miliyan 30.

Sai dai kada a ruɗe ka. Wayon layi ba ya haifar da wutar da babu ita. Ƙasar nan mai mutum sama da miliyan 200 wutar da ke kan babban layinta ba ta cika wuce megawat 4,000 zuwa 5,000 ba. Ka tuna watan Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin da ke kawo wuta daga Shiroro zuwa tashar Mando, sannan ɗaya layin da ke ratsowa ta Makurɗi ya samu matsala, Arewa ta yi fiye da mako guda a duhu? Da a ce kowane gida a Kaduna na da mita mai wayo a lokacin, abin da za su yi shi ne su shaida wa ofis cewa babu wuta, abin da mai sayar da ƙanƙara ya riga kowa sani.

Yanzu ga kwangilar. Ka sake karanta sanarwar a tsanake. Irin wannan sanarwa yawanci kiran nuna sha'awa ce, ba a kai ga maganar kuɗi ba. Kamfani na cewa ne: wa ke da irin wannan kaya, ya zo mu san shi. Daga cikin waɗanda suka amsa za a tace a fitar da ƙalilan, su ne za a ba cikakken bayanin aiki su kawo farashi. Daga cikinsu a zaɓi biyu ko uku su yi gwajin. Bayan wata shida ko shekara a duba sakamako. Yana yiwuwa a faɗaɗa, yana yiwuwa a naɗe takardun a sa a durowa. Na ga duka biyun da idona. Ka ga tsakanin wannan sanarwa da ranar da kuɗi zai shiga asusun wani akwai tafiya mai nisa, kai kuwa kana so ka sayar da fili tun ba a ɗaura wa doki sirdi ba.

Kuma ita kalmar gwaji ka riƙe ta da kyau. Sai an gwada akan san na ƙwarai, haka ne, amma wa ke biyan kuɗin gwajin? Sau da yawa mai kaya ne ke ɗaukar kaso mai yawa, don yana hangen babbar kwangilar da za ta biyo baya. Kamfanin da ke ƙera mita dubu ɗari a wata zai iya ba da ɗari biyar a kan asara ya kira shi talla. Kai in ka ba da ɗari biyar a kan asara, gadon mahaifinka ka bayar.

Maganar abokinka mai zuwa Chaina kuma, ban ce mutumin banza ba ne, amma mita ba fanka ba ce da za a sauke daga kwantena a kai kasuwa. Duk mitar da za a sa wa mai amfani da wuta a ƙasar nan sai hukumar NEMSA, mai duba ingancin kayan wutar lantarki, ta gwada ta, ta amince da irinta, ta sa mata hatimi. Suna da tashar gwajin mita a nan Kaduna, ka je ka tambaya, zuwa da kai ya fi aike. Bayan wannan, dole mitar ta iya magana da kwamfutar kamfanin da yaren da kwamfutar ke ji, dole kuma ta karɓi lambobin katin da kamfanin ke sayarwa. In ɗaya daga cikin waɗannan ya kuskure, ka sayo akwatunan roba masu tsada ke nan. Ga dala. A tsakiyar 2023 ana canjin dala ɗaya a farashin gwamnati a wajen naira 460, kafin watanni tara ta haura 1,500. Duk wanda ya ba da farashi da naira a lokacin, kayansa kuma na dala ne, ka tambaye shi yadda ya kwana.

Sannan takardun da irin wannan kira ke nema: rajistar kamfani da CAC, shaidar biyan haraji ta shekara uku, lissafin kuɗin kamfani da akanta ya tantance, shaidar ayyuka makamantan wannan da aka taɓa yi, wasiƙa daga masana'antar da ta ƙera kayan cewa kai wakilinta ne, da injiniya mai rajista da COREN, hukumar kula da aikin injiniyoyi. Ka duba aljihunka ka ga nawa ne a ciki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

To ina naka rabon? Ga shi.

Duk kamfanin da ya ci wannan gwaji, daga Legas ya zo ko daga Shenzhen ta Chaina, akwai abin da ba zai iya saukewa daga jirgi ba. Bai san lungunan Rigasa ba. Bai san cewa gida ɗaya a Tudun Wada zai iya ƙunsar iyali tara da waya uku da ta shigo ta bayan katanga ba. Bai san wane mai unguwa za a fara gaisarwa, da wane limami zai yi sanarwa bayan sallar Juma'a, kafin a kafa tsani a jikin turke ba tare da matasa sun kewaye ka ba. Bai san ba a faɗa wa gidan matan aure haka kawai da rana tsaka ba, sai an yi sallama an nemi maigida. Da ɗan gari akan ci gari. Kafin a sa mita ɗaya, sai an bi gida-gida an rubuta wane gida ke kan wane taransifoma, a kan wace waya daga cikin ukun. In wannan rajistar ta karkace, duk lissafin da kwamfuta za ta yi ƙarya ne, komai tsadarta. Aikin ƙafa ne da ido da sanin mutane, kuma kai da yaranka huɗu kun fi duk wani baƙo iya shi.

Bayan rajista akwai sa mitocin, akwai gyaran wayoyin da suka ruɓe, akwai komawa duba wadda ta daina magana. A nan ne ma nake ganin gwaje-gwajen ke faɗuwa ko tsayawa. Yawancin kayan nan an ƙera su ne don ƙasashen da ɗauke wuta labari ne na shekara-shekara. Mita mai wayo tana da ɗan abin ajiye caji, wanda in wuta ta ɗauke zai ba ta damar aika saƙo guda, kamar numfashin ƙarshe, ta ce na mutu. A Italiya wannan saƙo na nufin a tura mota. A unguwar da ake ɗauke wuta sau shida a yini, mita dubu biyar za su aika saƙon mutuwa dubu talatin kafin magariba, ma'aikacin da ke gaban kwamfuta ya gaji ya kashe ƙarar. Ga zafin watan Maris da Afrilu da ke dafa allon mita har rubutu ya ɓace. Ga ƙurar hunturu. Ga tsawar farkon damina. Ga ƙadangare da ke son ɗumin akwatin mita, ya shiga ya haɗa waya biyu da jikinsa. Ga unguwannin da sai ka hau kan katanga kake samun sabis, ita kuwa mitar da layin waya take aika saƙonta. Wanda zai iya zaunar da injiniyan kamfanin ya lissafa masa waɗannan tun kafin su same shi, ya zama mutumin da ba a so a rabu da shi.

Saboda haka abin da zan ce ka yi da kuɗin da bai kai kuɗin fili ba: in ba ka yi wa shagonka rajista ba, ka yi. Ka nemi takardar shaidar ƙwarewa ta NEMSA ta masu aikin haɗa wuta. Ka je cibiyar horo ta NAPTIN da ke nan Kaduna ka tambayi kwas ɗin sa mita, ka tafi da yaro ɗaya ko biyu cikin masu kai. Ka ɗauki hoton kowane aiki mai kyau da ka yi, ka karɓi takardar shaida daga masu aikin. Sannan ka sa ido ka ji sunayen kamfanonin da suka tsallake tacewar farko, ka kai musu kanka a matsayin mai aiki a ƙarƙashinsu. In kun zauna, a rubuta nawa ne kuɗin kowace mita da aka sa, bayan kwana nawa za a biya, wa ke da alhakin wadda ta lalace a hanya, wa zai sayi bel da hular kwano da safar hannu. Kada ka yarda da "sai kamfani ya biya mu za mu biya ka" ba tare da an sa rana ba. Na taɓa yin wata tara ina bin wani ɗan kwangila kuɗin aikin mako uku saboda wannan jimla.

Wani abu kuma. Da zarar irin wannan sanarwa ta fito, za ka ga masu cewa suna da mutum a ciki, ka kawo wani abu a sa sunanka. Ka riƙe kuɗinka. Ka gaishe mini da Hajiya.

TAMBAYA

Salam Malam Injiniya. Ina sana'ar ƙanƙara da zoɓo da kunun aya a gida, firiza biyu gare ni. Tun da aka sa mana mitar kati nake ganin kamar tana shan kuɗi fiye da ƙima. Yanzu kuma ana cewa za a kawo wata wadda za su iya yanke wa mutum wuta daga ofis. Gaskiya ne? Kuma ta yaya zan gane ko mitata na cutata?

Maman yara, Unguwar Rimi, Kaduna

AMSA

Hajiya, Allah ya sa wa sana'a albarka. Gaskiya ne, mita mai wayo tana da makunni a cikinta da za a iya buɗewa ko rufewa daga nesa. Amma ki lura, wadda ke gidanki yanzu ma tana yanke miki wuta da kanta in yunit ya ƙare. Bambancin shi ne taki ba ta magana da kowa. Lambobi 20 ɗin nan da kike dannawa su kaɗai ne saƙon da ke shiga cikinta, ita kuma ba ta mayar da amsa. Shi ya sa kafin 24 ga Nuwamban 2024 aka sa kowa ya danna wasu lambobi na musamman da hannunsa. Tsarin katin, wanda aka faro a Afirka ta Kudu, yana ƙirga mintoci ne tun daga farkon 1993, ma'ajin ƙirgar kuma ya zo cika a wannan rana. Da mitocin masu jin magana daga nesa ne, da an gyara su kina barci.

Ni a ganina mai sana'a irinki riba za ta ci da sabuwar. Tun 2020 aka raba masu amfani da wuta rukuni biyar: rukunin A an yi musu alkawarin aƙalla awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4, kowa da farashinsa. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC, mai kula da harkar wutar lantarki a ƙasa, ta kai kuɗin yunit ɗaya na rukunin A naira 225, daga baya aka ɗan rage. To in ana cajinki kuɗin awa 20, wa ke ƙirga awannin? Mita mai wayo tana rubuta lokacin da wuta ta zo da lokacin da ta tafi, har da ƙarfinta. Idon da kamfani ya sa don ya kama mai satar wuta, shi ne kuma shaidarki ranar da kika kai ƙara. Abin da ya kamata ku nema, ku mutanen unguwar da za a yi gwaji a cikinta, shi ne a ba ku damar ganin wannan bayani a wayarku, kada ya tsaya a ofis kawai.

Gwajin mitarki kuwa ba sai kin kira kowa ba. Ki kashe komai na gidan, ki cire filogin firiza biyun. Ki dubi 'yar jar fitilar nan mai ƙiftawa a fuskar mitar. In komai a kashe yake amma tana ci gaba da ƙiftawa, to wuta na zurara wani wuri: ko waya ta ruɓe a cikin bango, ko wani maƙwabci na sha daga layinki. In ta tsaya cik, ki rubuta yunit ɗin da ya rage, ki jona hitar dafa ruwa mai wat 1,000 ita kaɗai a cikin bokitin ruwa na rabin awa, kina tsaye a wurin, yara kuma su yi nisa. Ya kamata ta ci kusan rabin yunit. In ta ci ɗaya da rabi, ki rubuta ƙorafi ga sashen koke-koke na kamfanin, ki riƙe kwafi. In ba su warware ba, akwai ofishin sauraron ƙorafi na NERC a nan Kaduna.

Amma kafin ki zargi mita, ki duba robar bakin murfin firizarki. Ki sa takardar naira ɗari a bakin ki rufe, ki ja. In ta zare ba tare da turjiya ba, sanyi na gudu, injin kuma ba ya hutawa. Tsohuwar firiza ta gwanjo mai sakakkiyar roba tana iya cin ninkin abin da lafiyayya ke ci. Kada kuma ki bari wani yaro ya ce zai yi miki dabara a bayan mita. Tarar ta fi ribar zoɓon wata da watanni, sabuwar mitar kuma da an taɓa murfinta take kai rahoto.

TAMBAYA

Ranka ya daɗe, ina da sola da inbata a gida. In layin ya zama mai wayo zan iya sayar wa kamfani rarar wutata?

Malamin makaranta, Kawo, Kaduna

AMSA

Malam, a fasahance ana yi, ƙasashe da yawa na yi, kuma dokar wutar lantarki ta 2023 ta buɗe ƙofofi da dama, har ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. Amma yana buƙatar mita mai ƙirga shiga da fita, da inbata irin wadda ke kashe kanta nan take in layi ya mutu, da rubutacciyar yarjejeniya da kamfanin. Kafin ka samu waɗannan ukun, kada ka kuskura ka tura wuta kan layi. Mai gyara zai hau turke yana ganin an kashe daga tasha, wutar gidanka ta bi ta taransifoma ta koma bolt 11,000 ta same shi a can sama. Ka sa makunnin canji mai kyau tsakanin solarka da layin gwamnati, rarar kuma ka ja ruwa da ita zuwa tanki da rana.